Likitan Malam Inuwa Ya Hau Bene

Ranar Larabar farkon kowane wata, Malam Inuwa tela ba ya leƙa shago da safe. Shekara bakwai ke nan yana haka, tun da aka ce masa yana da ciwon suga. Da ya idar da sallar asuba sai ya ɗauki katinsa, ya tari adaidaita daga Gyadi-Gyadi, ya nufi wani asibiti mai bene ɗaya da ke bayan kasuwar Tarauni. A can, ɗaki mai lamba uku, Dakta Abdulmalik yake zama. Dogon mutum ne mai sanƙo, wanda kafin ya tambaye ka suga sai ya tambaye ka iyali da kasuwa. Ya san Malam Inuwa ba ya iya haƙuri da fura, ya kuma san idan ya ce "ɗan kaɗan na sha," to kofi biyu ne.

A wannan karon wata biyu ya yi bai je ba, ɗinkin babbar salla ya sha masa kai. Da layi ya zo kansa ya yi sallama ya tura ƙofar lamba uku, sai ya ga wata matashiya da farar rigar likitoci da ƙaramin gilashi. Ya ja da baya ya sake duba lambar ƙofar.

"Shigo, Baba, ba ɓatan kai ka yi ba," ta ce. "Sunana Dakta Temitope. Ina kwana? An tashi lafiya?"

Hausarta tas, kamar jakin Kano. Daga baya ya ji cewa a Unguwar Gano aka haife ta, mahaifinta makanike ne. Amma a lokacin ba wannan ne a gabansa ba.

"Lafiya lau, 'yata. Ina Likita?"

"Ga ni, Baba."

"A'a, nawa nake nufi. Dakta Abdulmalik."

"Ai ya hau sama."

Malam Inuwa ya dafe ƙirji. "Innalillahi! Yaushe?"

Dariya ta kama ta har sai da ta cire gilashi. "Yana nan da ransa, Baba. Saman bene nake nufi. An ba shi shugabancin asibitin, wata biyu ke nan."

Ya zauna. Ta duba sakamakon gwajinsa, ta yi masa tambayoyi, yana amsawa a gajarce. Sai ta ce ya cire takalmi. Ta ɗauko wani siririn zaren roba mai ɗan tauri, ta ce ya rufe ido, duk sanda ya ji taɓi ya ce "na ji." Ya rufe. Ya ji a dunduniya, ya ji a tsakiyar tafin ƙafa. Daga nan sai ya ji shiru, yana ta jira.

"Kin gama ne?"

"Sau huɗu na taɓa babban yatsanka na hagu, Baba."

Ta ɗaga ƙafar, ta haska da fitilar waya, ta nuna masa da madubi. A ƙarƙashin yatsan akwai wani ɗan rauni da bai fi ƙwayar gero ba, gefensa ya yi ja. Wataƙila allura ya taka a shago, bai ko sani ba. Ta sa aka wanke aka rufe, ta canza masa magani ɗaya, ta ce ya daina yawo ba takalmi ko a tsakar gida, ya kuma dawo bayan kwana uku.

Ya yi godiya ya fito, amma takardar maganin ya linke ta ya sa a aljihu. Shekara bakwai mutum yana shan magani iri ɗaya, yarinyar da ba ta kai 'yarsa ta biyu ba za ta canza masa rana ɗaya? Bayan wannan ma, wani abu ne ya tsaya masa a rai. Yaya za a yi mutumin da ya yi shekaru yana koyon gyaran jikin ɗan Adam, har Allah Ya ba shi hannu, ya ajiye duk wannan ya koma zaman ofis? Me ake yi a can saman da ya fi duba marar lafiya?

A baranda ya ci karo da Sista Felicitas, shugabar nas-nas, wadda ta fi shekara ashirin a asibitin. Ya tambaye ta.

"Hmm, Baba," ta ce, tana gyara kwalaben da ke kan tire. "Ni dai abin da na sani, mun rasa gwanin likita, mun samu shugaba ɗan koyo. Malam Lawan sakatare yana nan, shi ya karanta aikin tafiyar da asibiti, shekara goma sha biyar yana yi. Amma masu asibitin suka ce likita suke so. To."

"Ba ya iyawa ne?"

"Ban ce ba ya iyawa ba. Tun da ya hau, safar hannu ba ta sake yanke mana ba, wannan kam gaskiya ne. Amma duba layin nan. Wai ya kawo tsarin ba kowa lokacinsa. Ka ga wani tsari a nan?"

Malam Inuwa ya dubi bencuna cike da mutane, wasu a tsaye, wata mata tana ta faɗa da mai ba da kati. Ya dubi matattakalar benen da ke ƙarshen barandar. Shekara bakwai yana wuce ta, bai taɓa tunanin inda ta nufa ba. Ya kama ƙarfen ya fara hawa a hankali.

Ƙofar ofishin a buɗe take. Dakta Abdulmalik na zaune bayan wani faffaɗan tebur, ba farar riga, sai kaftani ruwan toka da wuyansa ya ɗan karkace, abin da idon tela ya fara gani ke nan. Yana ɗaga kai ya miƙe.

"Baba Inuwa! Kai ne da hawan bene? Bismillah, shigo. Ina ka shiga kwana biyu?"

"Ni zan tambaye ka inda ka shiga, Likita."

Dakta ya yi dariya, ya ja masa kujera kusa da taga. "Ka ba ni minti goma, in sallami Malam Lawan."

Minti goman nan sai da ta zama awa guda, kuma Malam Inuwa bai gaji ba. Ya zuba ido kamar wanda aka kai sabuwar kasuwa.

Malam Lawan gajere ne mai furfura a gemu, yana magana a hankali, da biro uku a aljihun gaba. Ya kawo jerin kayan da za a sayo wa sito. Dakta na bi da yatsa, sai ya tsaya a kan sunan wani magani da aka soke.

"Malam, wannan fa?"

"Mai sito ya ce wata takwas ba wanda ya nema, ranka ya daɗe. Na ga zama kawai yake yana lalacewa."

"Haka ne, ba a nemansa. Amma ranar da mai naƙuda ta fara jijjiga, shi ne tsakaninta da kabari. Ko sau ɗaya a shekara ne, a bar shi."

Malam Lawan ya ciro jan biro ya gyara, bai yi musu ba. Sai Dakta ya ce yana so daga wata mai zuwa a riƙa yin aikin tiyata ranar Asabar ma, don masu jira sun yi yawa.

"Ba zai yiwu ba, ranka ya daɗe."

"Saboda me? Likitoci biyu sun yarda."

"Likitoci sun yarda. Mai tafasa kayan aiki mutum ɗaya ne, ranar Asabar yake hutu. Masu wankin zannuwa Juma'a da rana suke tashi. Janareta kuma ranar Asabar ake yi masa sabis, ba don komai ba sai don ita ce ranar da ba a tiyata. In ka matsar da wannan, sai ka matsar da uku."

Dakta ya shafa sanƙonsa. "Wallahi ban san ranar sabis ɗin janareta ba."

"Ba a rubuta a littafin likitanci ba ai," in ji Malam Lawan, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

A cikin awar nan mai famfo ya shigo kan tankin ruwan da ke yoyo a ɗakin haihuwa. Wasu nas biyu suka shigo kan rabon hutu, kowace na cewa ita ta riga nema. Waya ta yi ƙara sau biyar. Ba wanda ya ambaci zazzaɓi ko hawan jini, amma Malam Inuwa ya lura duk maganar da aka ɗauko, in ka bi ta, a kan gadon wani marar lafiya take sauka.

Da ɗakin ya yi shiru Dakta ya jawo kujera ya zauna kusa da shi. Malam Lawan ya koma ƙaramin teburin gefe yana jera takardu.

"To Baba, ka ga sabuwar sana'ata."

"Na gani. Abin da ban gane ba, me ya kai ka? Laifi ka yi aka hukunta ka?"

"Wani lokaci haka nake ji." Ya yi murmushi, sannan murmushin ya tafi. "Ka tuna bara, lokacin da aka yi sati uku ba abin gwada suga a nan, muna tura ku waje? Takarda huɗu na rubuta zuwa ofishin nan. Wanda yake kan kujerar a lokacin mutumin kirki ne, amma a wurinsa takardata daidai take da ta mai neman a canza labule. A cikin satuttukan nan wata dattijuwa daga Daurawa, na ce ta je waje ta yi gwaji, ba ta je ba. Sai a sume aka kawo ta. Ta rayu, amma da ƙyar. Na hau nan na yi faɗa sosai. Da wancan ya yi ritaya, masu asibitin suka ce, to, kai mai faɗa, zo ka zauna mu gani."

"Kuma ka ga daidai ne?"

"Ban sani ba tukuna, Baba. A ƙasa, in na duba mutum hamsin, na san na duba mutum hamsin. A nan sai in wuni ban san me na yi ba." Ya gyara zama. "Bari ma in tambaye ka. Ba a turo maka saƙo a waya cewa ƙarfe goma ne lokacinka ba?"

"An turo."

"Ƙarfe nawa ka zo?"

"Bakwai saura."

"Don me? Na yi tsarin nan ne don dattijo irinka kada ya yi awa huɗu a kan benci."

"Likita, maƙwabcina Sani direba, satin da ya wuce aka ce masa ƙarfe goma sha ɗaya. Ya yarda, ya zo sha ɗaya. Masu kati suka ce ai su wanda ya riga zuwa suke fara ciro wa fayil, ya koma bayan layi. Sai bayan la'asar ya ga likita. Ya dawo ya ba da labari a masallaci. Yanzu duk Gyadi-Gyadi wa zai zo a kan lokacinka?"

Dakta ya juya ya dubi Malam Lawan. Shi kuwa bai ɗaga kai daga takardunsa ba.

"Na faɗa a taron farko, ranka ya daɗe, cewa a zauna da masu kati kafin a fara. Ka ce abu ne mai sauƙi."

"Na faɗi haka?"

"Ka faɗa."

Dakta ya ɗauki takarda ya rubuta wani abu. "Baba, kai da kake da ma'aikata, lokacin salla yaya kake yi da alkawarin ranar karɓar ɗinki?"

"Da ni kaɗai nake yankewa, na sha zagi har na gode Allah. Yanzu kafin in buɗe baki sai na juya na tambayi wanda zai hau keken." Ya dubi tafin hannunsa. "Ni ma ai shekara goma sha biyu rabona da zama a kan keke. Tun da teloli suka kai takwas a shagon, sai na koma karɓar aiki, da sayen zare, da rabon faɗa, da neman mai gyaran janareta."

"Kana da-na-sani?"

"Wata rana. In na ga an ɓata wuyan riga hannuna har ƙaiƙayi yake. Amma ka ga shagon da ke kallon nawa, na Alhaji Murtala? Bai taɓa zura zare a allura ba, ɗan kasuwa ne kawai. Kuma wallahi ya fi ni cika alkawari, ma'aikatansa ba sa makara. Sai dai in tela ya ce masa wannan yadin ba ya ɗaukar irin wannan aikin, ba shi da yadda zai gane gaskiya ne ko lalaci."

"To wanne ya fi?"

"Da na sani ai da ban hawo benen nan ina tambaya ba."

Har Malam Lawan sai da ya yi 'yar dariya.

Sai a lokacin Dakta ya lura da bandejin da ke leƙowa ta takalmi. Fuskarsa ta canza. Bai ko tambaya ba ya durƙusa a kan tayil, da kaftaninsa da komai, ya zare takalmin, ya ɗaga gefen bandejin. Malam Inuwa ya ga yadda yatsunsa ke bin ƙafar, suna latsa nan, suna taɓa jijiya can, da saurin mai yunwa da aka ajiye wa kwano.

"Me Dakta Temitope ta ce?"

Ya ba shi labarin zaren roba, ya ciro takardar maganin da ya linke ya miƙa masa. "Shi ya sa ma na zo. Ka duba min, in ba daidai ba ne ka mayar min da na da."

Dakta ya karanta, ya daɗe yana kallon takardar.

"Daidai ne, Baba. Ka je ka karɓa yau, kada ka kwana." Ya mayar da bandejin a hankali. "Kuma in gaya maka gaskiya, wannan gwajin na zare ya kamata in yi maka tun shekara biyu da suka wuce. Namu ya karye, na nema ba a sayo ba, na gaji na bari. Kuma sabo ya shiga, in na gan ka sai hira, ina ganin na san ka ciki da waje. Ita da ba ta san ka ba, sai ta duba ka daga kai har ƙafa."

"To ina ta samu zaren?"

"Shi ne abu na farko da na sa hannu aka sayo da na hau nan. Na ce duk mai suga a gwada masa."

Malam Inuwa ya sauko benen yana juya maganar. Da Likita bai hau ba, da babu zaren. Da bai hau ba kuma, da shi zai tarar a lamba uku, su yi hirar fura, ya tafi da rauninsa a ƙarƙashin yatsa. Amma kuma ya tuna yadda mutumin ya durƙusa a kan tayil, sai ya ji tausayinsa. Ya wuce wajen ba da magani ya miƙa takardar.

Sati biyar ya yi yana zuwa wankin ciwo, duk bayan kwana uku. Saboda haka ya ga abubuwa da idonsa. Ya ga ranar da Dakta da Malam Lawan suka shiga ɗakin kati suka rufe ƙofa, suka yi awa biyu da ma'aikatan. Bayan nan aka daina turo wa kowa lokacinsa daban. Aka raba mutane gida biyu, 'yan safe da 'yan hantsi, ana ciro fayil tun jajibiri. Shawarar wata mai ba da kati ce, in ji Sista Felicitas. Layin bai ɓace ba, amma an daina tsayuwa. Maganar tiyatar Asabar kuwa ba a sake jin ta ba. Tankin ɗakin haihuwa sai da ya ƙara wata guda yana yoyo.

A watansa na uku a kan kujerar shugabanci, Dakta Abdulmalik ya fara saukowa duk ranar Alhamis, daga safe zuwa azahar, ya sa farar riga ya zauna a lamba biyar. A waɗannan awannin Malam Lawan ke riƙe da sama, kuma an ce ya kafa sharaɗi: kada a kira shi a waya a warware abin da ya yanke. Malam Inuwa ya tambayi Sista Felicitas ko yanzu ta gamsu.

"Rabin likita, rabin shugaba," ta ce. "Ranar Alhamis ana tsakiyar duba mutum sai a leƙo a ce masu asibiti sun zo. Amma dai ya fi da. Yanzu yana tambaya kafin ya yi abu."

Ranar da ciwon ya rufe, mai ba da kati ta tambaye shi ko a mayar da shi Alhamis, wurin tsohon likitansa, don mutane da yawa sun nemi haka. Ya tsaya yana tunani har na bayansa ya yi gyaran murya.

"Bar ni a Laraba," ya ce. "Ita ta san ƙafar."

Larabar da ta biyo baya, Dakta Temitope ta gama dubansa, ta rubuta magani, amma ba ta miƙa masa takardar ba. Tana ta juya biro.

"Baba, in tambaye ka mana. An ce in riƙe sashen masu suga da hawan jini gaba ɗaya. Nas huɗu, likita biyu, da tsara ranaku, da taro duk Litinin. Za a rage min kwana biyu na duba marasa lafiya."

"Kin karɓa?"

"Na ce a ba ni sati. Mahaifina ya ce in karɓa, ci gaba ne. Sista Felicitas ta ce kada in kuskura. Dakta Abdulmalik kuma da na tambaye shi, sai ya ce in zo in wuni a ofishinsa in gani da idona."

"Ke me ranki ya ce?"

"Akwai abubuwan da nake gani kullum suna ba ni haushi, na san yadda za a gyara. Amma ban yi shekara shida a makaranta don rabon hutun nas ba."

Malam Inuwa ya sa takalminsa mai taushi, wanda ita ta sa ya saya, ya ɗaure a hankali.

"Ki je ki wuni ɗin, 'yata. Ki zauna kusa da taga, daga nan ana ganin teburin Malam Lawan ma. In kin sauko ki ba ni labari, ni ma ina so in ji."

Ta yi dariya ta miƙa masa takardar. Ya fita, ta danna ƙararrawa a kira na gaba.